Wucewa Kawai Yake Yi

Ƙaryar ni na ƙirƙiro ta. Gara in faɗa muku tun daga farko kafin ku je ku ɗora wa Goggo Yelwa laifi, don ita baza ta kawai ta yi, kuma Allah Ya hore mata iya bazawa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Raihana, 'yar cikin garin Daura, shekaruna ashirin da huɗu, ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Wanda nake so sunansa Muhsin, ɗan wasu 'yan kasuwar hatsi ne na Kongolam. Ya samu tallafin karatu, yana wata jami'a a Amurka yana digiri na biyu a kan noman rani. Magana ta riga ta yi nisa, an tsayar da ranar Asabar baffanninsa za su zo gidanmu neman aure. Umma har ta sa an yi wa zaure sabon fenti ruwan madara, ta hana kowa jingina da bango.

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji na ji wayata tana ta ɓari a cikin jaka kamar an kama fara. Da aka fita tara na duba, saƙo ya fi arba'in. Na sama na Murja ne, ƙanwar Muhsin: “Raihana kin gani? Don Allah kar ki tada hankalinki, an sake shi.” Ku dai kun sani, duk wanda ya ce maka kar ka tada hankalinka, to ya gama tada maka shi.

Bidiyo ne na minti ɗaya da rabi. Wani fili mai ciyawa kore shar, tantuna birjik, ga tutar Falasɗinu. Ɗalibai zaune a ƙasa a jere, sun saƙalo hannuwan juna. 'Yan sanda masu hulunan kwano suna ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaure musu hannu ta baya da wata igiyar roba. Na huɗu a layin, da rigar sanyi ruwan toka da hular da ni da kaina na zaɓa masa a kasuwar Daura, Muhsin ne. Na zauna a kan bencin yara ban ma sani ba.

Ba wai bai taɓa yi mini zancen tantunan ba. Ya faɗa mini ɗalibai sun kafa su ne don makarantar ta janye dukiyarta daga kamfanonin da ke da hannu a yaƙin Gaza, kuma yana zuwa wajen. Na ce masa Allah Ya ba da lada, na wuce zancen kalar leshin da nake so. Ni a zatona tsayawa yake yi daga gefe.

Can ƙasa na ga nasa saƙon: “Lafiyata ƙalau. Awa shida muka yi suka sake mu. Ki yi haƙuri da kika gani a waya kafin ki ji daga bakina.”

Na yi hamdala, sai kuma na tuna Baba.

Babanmu Malam Kalilu, wanda duk unguwa ke kira Sufeto, shekara talatin da biyar ya yi yana aikin ɗan sanda kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai sauƙin kai, yana wasa da jikokin maƙwabta, yana ba kaji tsaba da hannunsa. Amma duk 'yar da za a aurar a dangi, in aka zo binciken manemi, tambayarsa ta farko ɗaya ce: “An taɓa sa masa ankwa?” In aka ce e, ya rufe littafi. Na sha jin yana cewa gidansa ba zai haɗa zuri'a da wanda ya taɓa shiga bayan kanta ba. Ga nawa kuma an sa masa a gaban duniya, har da hular da ba mai musun ta Daura ce.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Umma na zaune gindin darbejiya ta tasa ganyen zogale a gaba ba ta tsinka ba. Goggo Yelwa, yayar Baba, ta zo ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, ta yafo zanen atamfa. Baba kuwa yana ɗakinsa, ta labule na hango shi da tabarau a kan hanci, ya ƙura wa waya ido. Bidiyon ya ƙare ya mayar da shi farko. Ya ƙare ya sake mayarwa.

“Ke Raihana, zo nan,” in ji Goggo. “Yaron nan karatu aka tura shi ko tada zaune tsaye? Me ya kai shi cikin rigimar Turawa ana saura kwana huɗu a zo neman aure?”

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne kawai ya buɗe.

“Goggo, wucewa fa kawai yake yi. Laburare zai je, aka haɗa da shi.”

“Ayyo!” Ta dafe ƙirji. “Tsautsayi! Ni dai na ce yaron nan mai kunya ba zai yi haka ba. Bawan Allah, ga shi baƙo a ƙasar mutane.”

Umma ta ja dogon numfashi, ta jawo zogalenta ta fara tsinka. Yadda na ga fuskarta ta washe, sai na ji kamar aikin lada na yi. Kafin magariba duk Daura ta san Muhsin laburare zai je. Washegari mata suka fara shigowa yi mana jaje, har da mai cewa ita ta ga littafi a hannunsa a cikin bidiyon.

Baba bai tada zancen ba sai da Baffa Sabiru ya zo cin tuwo ranar Laraba. Baffa ƙanen Baba ne, dillalin dabbobi, kuma shi ne waliyyina. Ina zuba musu ruwa a buta na ji sun fara.

“Yaya, ni fa ko da gangan ya zauna ban ga laifinsa ba,” in ji Baffa. “Yaran nan ko tsinke ba su riƙe ba. Ana ruguza gidaje a kan mata da jarirai, su kuma sun kafa tanti sun ce a daina. Shi ne za a turo musu mutane da kulki?”

“Kai kaɗai ke jin zafin Gaza?” Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko. “Akwai sallar da nake yi ban sa su a addu'a ba? Amma fili na makaranta ne. Wasu na da jarrabawa, wasu iyayensu sun sayar da abin hannunsu sun tura su. In hukuma ta ce a tashi, a tashi. Yau ka bar masu gaskiya sun tare hanya, gobe marasa gaskiya za su tare, su ce ai an bar wancan.”

“To sai a yi shiru?”

“Ban ce a yi shiru ba. Na ce akwai hanya.”

“Wace hanya ce ba su bi ba, Yaya?”

Baba ya wanke hannu. “Gobe bayan la'asar ka kira yaron a waya mai hoto. Ina so a ji daga bakinsa kafin Asabar.”

Kun san yadda abin yake a wajenmu. Uba ba ya zama da manemin 'yarsa su yi ta musayar magana, balle ni da nake 'yar fari, wadda ko sunana Baba ba ya kamawa. Baffa ne zai yi magana. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, don Baffa in ka ce masa akuya ta haifi ɗan tinkiya zai ce ikon Allah.

Na shige ɗaki na kama waya.

“Gobe Baffa zai kira ka. Na ce musu wucewa kake yi za ka laburare. Haka za ka faɗa.”

“Raihana, me ya sa?”

“Saboda ina son Asabar ta yiwu.”

“Baba fa ɗan sanda ne.”

“Tsohon ɗan sanda. Ko lambar waya sai na karanta masa.”

“Ba na jin zan iya.”

“Kalma uku ce fa. Wucewa nake yi. In kana sona za ka iya.”

Alamar ya karanta ta fito, amsa ba ta zo ba. Na zauna ina kallon wayar har cajinta ya yi ja. Sai can ya rubuto: “Allah Ya kai mu goben.” Na fassara shi da cewa ya yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Ranar Alhamis zafi ya yi zafi, ga ba wuta. Na yi kunun aya na sa ƙanƙarar da na aika aka sayo, na saka doguwar rigata ruwan zuma da hijabi fari, kamar ni za a gani. A falon Baba aka jingina wayar Baffa da fulas a kan ɗan tebur. Baffa ya sha shadda ruwan sararin samaniya, ya karya hula, ya zauna a gabanta yana gyaran murya. Baba ya ja kujerarsa gefe inda hoto ba zai kama shi ba, ya ɗora takarda a gwiwa, ya cire murfin biro. Ni da Umma muka laɓe bayan labulen ƙofar tsakar gida.

Muhsin ya fito a wayar da farar kaftani, can wajensu hantsi ne. Ya sunkuyar da kai ya gaida Baffa, ya tambayi gida da kasuwa da zafi. Ana cikin haka Baba ya yago 'yar takarda ya miƙa. Baffa ya karanta, ya dubi yayansa, Baba ya yi masa nuni da biro.

“To, wai... sunanka da na mahaifinka.”

“Muhsin Hafizu, Baffa.”

Umma ta toshe baki da gefen zane. Ashe tsohon nan tambayoyin caji ofis ya shirya. Takarda ta biyu, ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa. Ta uku, mutum nawa aka kama. Muhsin na amsawa a natse. Sai ta huɗu ta iso hannun Baffa.

“Ina za ka lokacin da aka kama ka?”

Na runtse ido. Na ce a raina, laburare, Muhsin, laburare, don girman Allah.

“Baffa, ba ko'ina zan je ba. A zaune nake. Kwanana uku a cikin tantin.”

Umma ta juyo ta dube ni, na dubi ƙasa.

“A'a,” in ji Baffa, “mu kuwa an ce mana wucewa kake yi.”

“Na ji an faɗi haka. Ba haka ba ne.”

Biron Baba ya yi ƙara a kan takarda. Baffa ya karɓa. “Wa ya fara faɗar hakan?”

Muhsin ya sunkuyar da kai. Ina jin kukan kajin Baba a tsakar gida. Na san yanzu sunana zai fito, na fara lissafin ta inda zan bi in shige ɗaki.

“Baffa, a yi mini afuwa. Wannan ba zan amsa ba.”

“Ka sani ko ba ka sani ba?”

“Na sani. Tsoro ne ya sa aka faɗa, ba mugunta ba. Laifin a bar shi a kaina, tunda ni na jawo.”

Hawaye suka zubo mini, na kunya da na wani abu da ban san sunansa ba. Ina cikin sharewa sai na ji abin da ban taɓa zato ba. Baba ya ajiye takarda, ya yi magana da bakinsa.

“An ba ku wa'adi ko ba a ba ku ba?”

Muhsin ya zabura. Ba ya ganin mai maganar, amma ya gane muryar. Sai ga shi ya zame daga kan kujera ya durƙusa, har ba a ganin komai a wayar sai saman hularsa.

“Barka da yamma, Baba.”

“Tashi ka zauna. Tambayarka na yi.”

“An ba mu, Baba. Sau uku, da lasifika.”

“Me ya hana ku tashi?”

“Baba, wata shida ana rubuta wa hukumar makaranta takarda, ba su ko zauna da mu ba. Sai da aka kafa tanti suka san muna nan.”

“Sauran ɗaliban fa? Waɗanda kuka hana sakewa, da waɗanda suka ce tsoronku suke ji? Su ba su da hakki?”

“Suna da shi. Akwai waɗanda suka faɗi maganganun da ban ji daɗinsu ba a wajen, mun kuma tsawata musu. Ba zan ce komai namu daidai ne ba.”

“Amma ka zauna.”

“Na zauna, Baba. Akwai abokin karatuna, Mahdi, ɗan Gaza ne. Mutum goma sha ɗaya aka kashe a danginsa, har da mahaifiyarsa. Ya so ya zauna a layin, muka hana shi, don in aka kore shi daga ƙasar ba shi da gidan da zai koma. Shi ne na zauna a wurinsa.”

“Kai kana da wurin komawa ke nan.”

“Ina da Kongolam, Baba.”

Baffa ya share ido da hannun riga, ko kunya bai ji ba. Baba dai fuskarsa ba ta canza ba.

“Ma'aikacin da ya ɗaga ka, ya yi laifi?”

“Ni bai zage ni ba, bai buge ni ba, aikin da aka sa shi ya yi. Akwai waɗanda aka buga a gabana, wannan kam ba daidai ba ne. Amma waɗanda suka kira su, su na fi ganin ba su kyauta ba. Malamanmu ne, da sun fito sun zauna da mu.”

“Shugaba mai ɗalibai dubbai ba zai bar fili a hannun mutum ɗari ba. Ko ni ne zan kira.”

“Na ji, Baba. Ni dai ban ga haka ba.”

Umma ta mintsine ni. A Daura, manemi ya ce wa uban yarinya bai ga haka ba! Na ce shi ke nan, fentin zaure ya tashi a banza.

Ashe Muhsin bai gama ba. “Baba, akwai abin da ya kamata ku sani kafin Asabar. Mako mai zuwa zan gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Za su iya dakatar da ni, tallafin ya tafi. Mai yiwuwa in dawo ba digirin. Ban so iyayena su zo a kan ana zaton wani abu, alhali ga yadda ake ciki.”

Baba ya gyara zaman tabaransa. Sannan ya ce, “Sabiru, sallame shi.”

Da wayar ta mutu, ƙafafuna da kansu suka fitar da ni daga bayan labule. Na durƙusa a bakin tabarma.

“Baba, ni ce. Ni na ce wucewa yake yi. Na kuma roƙe shi ya faɗi haka, ya ƙi.”

Bai dube ni ba. Umma ya duba, wadda ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

“Faɗa wa 'yarki tun kallon farko na sani. Mai zuwa laburare ba ya cire agogo ya bar shi a ɗaki. Ga shatinsa nan a hannunsa. Kuma ku duba damtsensa lokacin da aka murɗa shi baya, lambar waya ce ya rubuta da biro. Wanda ya san za a kama shi a karɓe masa waya, shi ke yin haka.”

Ni da na ce ko lamba ba ya iya karantawa! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

“To Yaya, in ka sani, me kake ta nema kana maimaita bidiyon?” in ji Baffa.

“Ina duba ko ya ɗaga wa ma'aikaci hannu, ko ya ture na kusa da shi don ya tsira. Bai yi ko ɗaya ba.” Ya mayar wa biro murfinsa. “Ka aika Kongolam, su zo ranar Asabar ɗin.”

“Malam,” Umma ta yi ƙasa da murya, “in kuma aka koro shi fa?”

“Takarda zan ba wa 'yar ko mutum? Noman rani ya je koyo, abin da ya shiga kansa ba kwamitin da zai cire. Ga gonata can a Baure tana zaune.” Ya juya ga Baffa. “Amma ka faɗa masa har gobe ba su yi daidai ba. Wa'adi wa'adi ne. In ya dawo za mu ƙarasa.”

Na yunƙura zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

“Ita kuma, ba zan karɓi baƙi a kan ƙarya ba. Duk gidan da aka zo mana jaje, ta bi su da ƙafarta kafin Asabar, ta faɗa musu yaron nan zama ya yi, da saninsa. Ta fara da gidan Yaya Yelwa.”

Gida goma sha huɗu ne, 'yan uwa, na ƙirga. Amma wallahi a lokacin ko gida ɗari ya ce zan bi, ina murna.

Baffa ya zuba kunun aya ya kurɓa, sannan ya yi tambayar da ni ba zan taɓa iya yi ba.

“Yaya, ankwar fa? Kai da ka ce ba ka haɗa zuri'a da wanda aka sa wa.”

Baba ya cire tabarau ya goge shi da bakin jallabiya, ya daɗe yana gogewa.

“Mutanen da na sa wa ankwa da hannuna suna da yawa, Sabiru. Har yau akwai waɗanda in muka haɗu a masallacin Juma'a, ni ne nake sunkuyar da kai.”

Na tashi a hankali na kwashe kofuna, na gyara hijabina, na sa takalmi na nufi gidan Goggo tun rana ba ta faɗi ba.